Tsohuwar Tunkiya a Garken Yaye

Abin da ya faru a gidan Rekiya a unguwar Manfuha ta birnin Riyad, shekarar tamanin da biyar, ai dole a ba da labarinsa. Mijinta Salmanu kiwon tumaki yake wa kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, wani Balarabe mai gona a bayan Riyad, sai Alhamis yake shigowa gari. Ran nan ya shigo fuska a murtuke, ko 'yarsu Sabuwa da ta rugo bai ɗaga ba.

"Baban Sabuwa, lafiya?"

"Ina fa lafiya. Kafil ya ce a yaye 'yan tumaki arba'in, na raba su da iyayensu rana ɗaya. Kwana huɗu sai kuka, ga ciyawar barsim kore shar a gabansu, sun ƙi ko sunsunawa. Biyu sun mutu. Ya ce in na uku ya bi su, halas, shi ke nan, ba zai sabunta min iƙama, takardar zama, ba."

Rekiya ta san abin da hakan ke nufi. Ba iƙama, sai filin jirgi, su ukun duka.

"Wa ka bar musu a garken?"

"Wa kuwa? Ruwa da ciyawa."

"Haba Malam. Ka taɓa ganin an yaye yaro an bar shi shi kaɗai? Gidan kaka ake kai shi. Ni da ba ni da uwa a ƙasar nan, ba Gogo Hajjo ta ƙasan bene na kai wa Sabuwa ba? Sai da ta ga tsohuwa tana shan kunu sannan ta buɗe baki."

"To Gogo Hajjon zan ɗauka in kai garke?"

"Ba ku da tsohuwar tunkiya wadda nono ya ƙafe?"

Salmanu ya tuna. Akwai kuwa, an ma ware ta za a yanka. Washegari yana fitowa daga Juma'a ya koma gona.

Sati guda Rekiya ba labari, gonar ba waya. Wata Alhamis sai ga shi, tun daga matakala take jin dariyarsa. Wai tsohuwar tunkiyar tana shiga garken ta sa kai a barsim, ba ta kula kowa ba. Ɗaya ya zo neman nono, ta ture shi, ya tsaya kallon bakinta, can ya tsinci ganye. Kafin la'asar duk sun jeru suna ci.

"Kafil fa?"

"Ya ce in kawo hotuna, Asabar zai kai takarduna. Sai tambayata yake wane likitan dabbobi na gani."

"Ka ce masa me?"

"Na ce wata ce a Manfuha, a aji uku ta tsaya."