Hayaƙin Gidan Gonarmu

Ni na fara ganin garin itacen nan a ƙasa, kafin kowa. Shekara tamanin da biyu ina kwana a gidan gonar nan. Ambaliya ta zo ta same ni ta bar ni, gobarar rumbu ma haka. Ban taɓa zama a aji ba, amma azarar da ke rufin nan na san kowace ɗaya, don a gabana mahaifinmu ya ɗora su da ya sake rufin.

Bara ɗan ƙanena ya kawo wata mata daga ofishin adana kayan tarihi, da injiniyanta mai hular roba. Wai gidan ya haura shekara ɗari, za a gyara shi baƙi su riƙa zuwa kallo. Na ce madalla. Sai suka kashe murhun tsakar ɗaki, suka sa lebura ya kankare baƙin hayaƙin da ke jikin azara har ta yi fari tas, ni kuma aka mai da ni sabon ɗaki mai kwano a baya.

Na ce wa matar, "'Yata, hayaƙin nan shi ke hana gara cin itacen."

Ta yi murmushi ta ce, "Baba, wuta haɗari ce. Muna da maganin feshi."

"Maganinku ya kai shekara nawa?"

Ɗan ƙanena ya ja ni gefe. "Baffa, don Allah kar ka ba ni kunya gaban mutane."

Wata bakwai ke nan. Ran nan na shiga da safe na ga gari ya zubo kamar an tankaɗe. Na ɗauki sandata na bugi azarar tsakiya, ta amsa kamar ganga. Na aika aka faɗa musu, injiniya ya ce sai an zauna taro wata mai zuwa. Taro. Gara ba ta jiran taro.

Jiya na ɓalle kwaɗon da suka sa wa ɗakin bayan nan, na mai da gadona, na hura wuta da ɗanyen itace. Idona na hawaye, ina tari, ban fita ba. Azara uku sun riga sun tafi, saura tara, kuma taran nan ba za su faɗi ina raye ba.

Duk mai ganin rikicin tsufa ne, ya zo da tabarmarsa. Zan kashe wutar da hannuna, ya kwanta ƙarƙashin azarar tsakiyar har damina ta wuce.