Hure a Gindin Dutse

A shekarar da gwamnati ta tuna akwai mutane a kan duwatsun bayan Bukkuyum, sai ta ba su motar Landuroba mai ɗauke da magani. Ba hawa dutsen take yi ba, ina! Ranar kasuwa take zuwa daga Gummi ta tsaya ƙarƙashin tsamiya, wanda ciwo ya kusa kashewa shi zai sauko ya same ta.

Hure ta sauko goye da Labbo, ɗanta na fari, baƙon dauro ya shige masa ƙirji. Kakarsa Marka ce ke riƙonsa, ita ya kamata ta kawo shi, amma gwiwoyinta sun daɗe da sallama dutse. Hure kuwa Bafulatana ce mai kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa, ko faɗuwa ya yi gaban mutane sai ta kau da kai. Son da take masa kuwa, Allah kaɗai Ya san iyakarsa.

Malam Dalhatu, malamin asibitin da ke bin motar, yana da wata dabara da yake taƙama da ita. Marasa lafiya sun fi allurarsa yawa, ga damina, in gulbi ya kawo mota ba ta ƙetarewa. Don haka kunne yake sa wa uwaye: wadda ta fi kururuwa, ɗanta ya fi jin jiki. Kai, basira!

Ya iso kan Hure ya ce, “Ke, ɗanki na?”

Ta sunkuyar da kai. “Na gidanmu na.”

“Mi ya same shi?”

Yaron na numfashi a bayanta kamar ana jan zarto, zafinsa ya ratsa zane yana ƙona ta. Tsoro ya cika ta. Amma ga yayan mijinta can tsaye yana cinikin akuya, ga matan rugarsu sun zuba ido.

Ta ce, “Zahin jiki na, kaɗan.”

“Madalla. Koma inuwa in gama da masu ciwon gaske.”

Ta koma. Tana kallo wata mata ta yi ta birgima a ƙasa saboda ƙurji a ƙafar ɗanta, aka yi masa allura har da lallashi.

Da la'asar hadari ya haɗo, direba ya danna ham. Hure ta miƙe, ta kai har ƙofar mota, ta buɗe baki. Sai yayan mijin ya waiwayo. Ta rufe bakinta.

Malam Dalhatu ya ce, “Ki kawo shi kasuwa mai zuwa.” Ya juya ga direba yana murmushi. “Ka gani? Mutanen dutse lahiyarsu lau. Waɗanga ko wata-wata muka zo ya ishe su.”

Ba ta kai rabin hawa ba jan zarton nan ya tsaya. Ta sani. Ta gyara goyo ta ci gaba da hawa cikin ruwa, har ta sauke shi a kan cinyar Marka.

Washegari mata suka cika bukka. Marka na kuka tana yabo, wai ko hawaye ɗaya surukarta ba ta zubar ba, ko a kasuwa ba ta ba su kunya ba. Kowace mace ta taɓo ɗiyarta ta ce ta duba ta koya. Hure na zaune tana amsa gaisuwa, bayanta na yi mata sanyi.