Ƙofar Hawa na Biyar

Lokacin da aikin gyaran tsofaffin benayen garin Shibam ya iso layinsu, Shifa ta yi wata tara rabonta da taka ƙasa. Ciwon gwiwa ya hana. Gidan hawa shida ne na tubalin ƙasa, ita tana na biyar. Ƙawarta Barka, a gidan da ke manne da nasu, ita ma haka take zaune. Sai dai su leƙo ta taga su yi ta ɗaga murya, unguwa duka tana jin hirarsu.

Maginin da aka ba gidan, Karama, ya fara furfura, amma a gabanta aka haife shi. Yana kankare tsohon yaɓen ɗakinta, tana kan tabarma tana ba da umarni.

"A hankali, Karama! Ubanka bai taɓa cika min ɗaki da ƙura haka ba."

"Inna, shi ai tsoronki yake ji."

Rana ta huɗu da hantsi, gudumarsa ta bugi katako. Ya ɓamɓare ƙasar, sai ga 'yar gajeriyar ƙofa ta itacen kurna. Shifa ta gane ta. Tana amarya, ta nan matan gidajen biyu ke shiga wa juna, har surukinta ya yi faɗa da maƙwabcin kan indararo, ya sa aka toshe. Ta ɗauka tuni aka cire ta.

"A takardar injiniya babu ƙofa a nan," in ji Karama. "Cewa aka yi in shafe."

"Injiniyan ne zai zauna a ɗakin? Masu faɗan sun shekara talatin a kabari. Kira shi."

Injiniya ya hawo yana haki, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce in aka ɗora sabuwar azara a sama ba matsala. 'Ya'yan gidajen ma ba wanda ya tuna faɗan. Kwana biyu Karama ya yi yana fasa ɗaya ɓangaren, na gidan su Barka.

Barka ta shigo a sunkuye, riƙe da butar shayi. Ta ƙare wa Shifa kallo.

"Ashe haka kika tsufa? Ta taga ba a gani."

"Zauna, 'yar yarinya, kafin ki faɗi."

Suka yi dariya har da hawaye. Karama ya koma kan yaɓensa, yanzu masu ba shi umarni sun zama biyu.