Tashi Su Gan Ka, Baba Chimwaza

Na gaya mata. Allah ya sani na gaya wa Ulemu, a ɗakin shan shayin malamai, tun kafin ranar laccar.

Ofishinmu ɗaya da ita a sashen tattalin arziki tun tana ƙaramar malama. Shekara da shekaru tana bin ƙauyuka tana binciken takin gwamnati mai rangwame: wa ake ba, wa ake hanawa. Abin da ta gano kowa ya sani, faɗa ne ba a yi: ƙauyen da ya zaɓi masu mulki shi ke ganin buhu. Ta rubuta tsaf, ta sakaya sunan kowane ƙauye da kowane manomi, yadda ƙa'idar aikinmu ta tanada. Da wannan ta zama Farfesa Kamwendo.

To, al'adar jami'armu, sabon farfesa yakan yi lacca a bainar jama'a, a ƙarshe ya gode wa waɗanda suka riƙe shi. Ita kuwa ta kafe sai ta gayyato Baba Chimwaza, mai unguwar da ya sauke ta a gidansa, ya ciyar da ita nsima, tuwon masararmu, da ganyen kabewa, ya sa mutanensa suka saki baki da ita.

Na ce, "Ke Ulemu, kanki ɗaya kuwa? Bar tsohon nan a gonarsa."

Ta ce, "Haba Nachisale, tsoronki ya yi yawa. In gode wa Turawan da suka koyar da ni, in bar wanda ya shimfiɗa mini tabarma?"

Ranar, zauren ya cika maƙil. Baba na layin gaba cikin kwat ta aro, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Kusa da shi wani mutum ne mai baƙin tabarau, daga ofishin nan na gwamnati da ba a kiran sunansa da ƙarfi. Ba wanda ya gayyace shi. Bai yi tambaya ba, murmushi kawai yake yi.

Ulemu ta yi lacca, kai, ta yi lacca! Sai ta zo kan godiya.

"Duk abin da kuka ji yau, a ƙofar gidan wannan dattijo na fara jinsa. Baba Chimwaza, tashi su gan ka."

Tsoho ya miƙe, baki har kunne. Aka yi ta tafi. Kowa ya gaji ya daina, mai tabarau yana yi.

Wajen cin abinci na ga mai tabarau durƙushe gaban Baba, ladabi kamar suruki.

"Baba, wane ƙauye ne? Ikon Allah, ashe hanyarmu ɗaya! Da wannan ƙafar za ka hau motar haya? Ai ba zan yarda ba."

Na kutsa na ja rigar Ulemu, masu hoto sun yanyame ta. Ta ce, "Dakata mana, kishi kike yi?" Kafin ta waiwayo, motar mai tabarau ta kai ƙofa da Baba a ciki. Sandar Baba na jingine a kujerarsa. Na ɗauke ta na kai ofis.

Washegari da hantsi muna zaune, tebur cike da furannin taya murna, wayarta ta yi ƙara. 'Yar Baba ce, ina jiyo muryarta daga inda nake.

"Farfesa, Baba wajenki ya kwana ne? Tun jiya muka rufe masa abincinsa."

Ulemu ta juya. Sandar take kallo.