Shafukan da Na Tsallake

Ranar wata Talata likita ya ce cutar daji ta kai hantar matata, da wuya ta wuce wata huɗu. Ya faɗa yana kallon takarda, kamar takardar ce ba lafiya.

A hanyar gida ta sa na tsaya a kantin littattafai. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aiki a laburare, ita kuwa ko jarida ban taɓa ganin ta kai ƙarshenta ba. Ta fito rungume da wani jibgegen littafi, shafi ɗari tara, labarin wani gida tun daga kaka har tattaɓa kunne. A bangonsa an rubuta Littafi na Ɗaya.

"Kai za ka karanta min, Malam. Shafi biyar kullum bayan la'asar. In mun gama ka sayo na biyun."

Na yi abin da na iya, na yi lissafi. Wata shida ke nan.

"Ga gajerun labarai fal a gida," na ce.

"Riƙe abinka. Wannan nake so."

Muka fara. Ina kan kujerar roba, tana kan gado, robar amai a ƙarƙashi, fanka na kaɗa warin magani daga wannan bango zuwa wancan. In na rufe littafin sai ta ce, "Gobe mu ga ko ɗan banzan nan zai dawo wa uwarsa." Ni kuma in ce, "Uhm." Duk karatuna, amsar da na samo mata ke nan.

Da idonta ya fara yin rawaya, sai na fara tsallake. Da farko bayanin ruwan sama da na gonaki, daga baya babi sukutum. A ganina alheri nake yi: ta ji ƙarshen labarin kafin nata ya zo.

Wata la'asar ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Ina kakar? Jiya tana zagin maƙwabta, yau ana raba kayanta?"

"Ta mutu."

"Yaushe? Ina gidan nan ban ji ba?"



"Sarkin karatu," ta ce, tana numfashi da ƙyar. "Sata kake min."

"So nake ki ji ƙarshen."

"Wa ya ce maka ƙarshen nake so? Duk wanda ya shigo ɗakin nan sallama yake min. 'Yarka na kuka a kicin, ta kunna famfo wai kar in ji. Kai kaɗai na ba aiki mai gobe a ciki, kai ma ka ƙosa. Koma baya."

Na koma shafi na ɗari biyu da sha biyu, na rayar da kakar. Ban ƙara tsallake ko layi ba. Amma ita ma ba ta ƙara cewa gobe ba. Takan juya fuska ga bango ta saurara, in na rufe ta ce, "Sannu."

Kwana goma sha tara na yi kafin na gane abin da ya kamata in yi. Mai gadin ƙofar laburare da ya gane shi a yini ɗaya.

Ranar Alhamis da hantsi na koma kantin. Mai kanti ya daɗe yana birkita kwalaye, hanya kuma ta cunkushe. Da na iso gida na ga takalma a bakin ƙofa, sun fi na masu zuwa dubiya yawa. 'Yata ta fito ta ce, "Baba," ba ta ƙara komai ba. Ina riƙe da leda.

A shafi na ɗari uku da bakwai muka tsaya, kakar na da rai. Littattafan na nan a kan kantar ɗakinmu, na biyun a cikin ledarsa. Masu ta'aziyya sun yi ta yabon yadda na kula da ita. Na ƙyale su.

Ranar Alhamis ɗin nan, tun a mota nake maimaita abin da zan faɗa mata in na shiga: "Ga na biyun. Ashe akwai na uku, na ce a ajiye mana."