Kunkurun da Ya Ɓata a Gidan Stamatis

Kwana arba'in da binne Stamatis, 'yarsa Froso ta buɗe akwatin tsoffin tsabobin kuɗinsa na azurfa, ta tarar da gurbi ɗaya wayam. Kuma wanne? Kunkurun Egina, tsaba mai hoton kunkuru ta tsibirin Egina da ta haura shekara dubu biyu, wadda tsohon ya fi ji da ita. Ranar Litinin jami'ar kayan tarihi za ta zo daga birnin Larisa ta duba su kafin a mayar da izinin ajiyarsu zuwa sunan Froso. In ɗaya ta ɓace, za a ce an sayar wa 'yan fasa-ƙwauri, a kwashe sauran, a kai ta kotu. Ita ko malamar makaranta ce, aikin ma sai ya tafi.

Ta birkice gidan kaf, har tulun man zaitun ta zura wa hannu. Mahaifiyarta Evdokiya kuwa na zaune cikin baƙaƙen kaya tana ɓarar wake, ko gezau. Sai da Froso ta durƙusa tana kuka ta ce mata ta dubi Allah, sannan tsohuwar ta buɗe baki.

"Tana cikin bakin ubanki a kabari. Ni na sa masa. Kowane matsiyaci a ƙauyen nan da kuɗin jirgin fiton lahira a bakinsa yake tafiya, sai shi zai ƙetare hannu rabbana?"

"Mama, da kin sa masa kuɗin yanzu, yuro ɗaya mana!"

"Yuro? Mutumin da ko kallonsa ba ya yi?"

Froso ta ruga wurin limamin coci. Ya ce kabari sai ya shekara uku ake buɗewa a wanke ƙasusuwa, shi ba zai taɓa na kwana arba'in ba.

Litinin jami'ar ta zo, mace mai sanyin hali. Ta ga gurbin, ta dubi tsohuwar da ke shigowa da farantin kofunan gahawa, ta rage murya. Ta ce ta san halin tsofaffin ƙauye. In an binne mamacin da ita ne, abu mai sauƙi, za ta samo takarda a tone shi jibi, magana ta mutu.

Da jin za a tone shi, Evdokiya ta dire farantin, ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai tare hanya. Froso ba ta taɓa ganin uwarta ta tsorata haka ba, ko ranar jana'iza. Ta ga gara a kai ta kotu da uwarta ta ga an tone mijinta.

"Ba ta cikin kabari," in ji Froso. "Ni na sayar. Rubuta."