Akwatunan da Ke Ƙarƙashin Tiga

Ranar Laraba da ƙarfe huɗu za a rufe karɓar wasannin kwamfuta a gasar matasa, kuma da hantsin ranar na gano abin da Uzairu ya yi mini.

Wata bakwai na shafe ina gina wasan. Mai wasa zai nutse cikin madatsar Tiga, ya shiga tsohon ƙauyenmu da ruwa ya cinye, yana buɗe akwatuna yana tsintar kaya. Kowane abu da hannuna na ajiye shi, yadda kakata Delu ta faɗa mini: guduma a gidan maƙeri, ƙwarya da ludayi a gidan Turai mai fura. Har muryarta na naɗa na saka a wasan, tana ba da labarin ƙauyen. Uzairu, abokin karatuna da muke aikin tare, ya daɗe yana cewa wahalar banza nake. A ganinsa a bar kwamfuta ta jefa ƙuri'a, kowa ya buɗe akwati ya sami rabonsa, haka mutane ke maimaita wasa sau goma. Na ƙi. Sai ya kunna tsarinsa bai gaya mini ba, tsarin ya goge nawa.

Ban sani ba na buɗe wa Kaka don ta gani. A masallaci muka tarar da ganga. Ta ce in zaga bayan tsamiya. Kwamfuta ta dasa akwati a wurin, da takobin zinariya a ciki.

"Nan ɗana Idris yake kwance," in ji ta. "Nabila, wa ya ce a tona?"

Ta ce ko dai komai ya koma mazauninsa, ko in cire muryarta da sunan ƙauyen. In babu su, babu wasan.

Na kira Uzairu. Ya ce in goge akwatin nan ɗaya kawai, alƙalan gasa ba su san inda kowa yake kwance ba. Na ce ni na sani, na kashe wayar.

Akwati ɗari biyu ne, ga babu wuta. Na ɗauki kwamfutar zuwa rumfar cajin waya ta Kawu Wada, Kaka na biye da ni da tabarmarta. Tana faɗa ina sakawa. Masu zuwa caji suna tambaya ko abin da aka tura ni jami'a in koyo ke nan, wasan yara. Ban ɗaga kai ba. Janareto ya mutu sau biyu, yatsuna suka sage. Sallar azahar kaɗai ta tashe ni.

Uku da rabi, saura akwati talatin da ɗaya, Kaka kuma ta fara cewa ba ta tuna ba. Uzairu ya turo saƙo: a bar wa ƙuri'a ragowar.

Na tambayi Kaka me ke gidan Shitu, ɗaya daga cikin gidajen da suka rage.

"Su Shitu? Ko tsintsiya ba su bari ba. Har ƙyauren ɗaki suka ɗora wa jaki."

Na goge akwatuna talatin da ɗayan nan duka, na bar gidajensu wayam. Huɗu saura minti tara na danna turawa. Layin turawar ya tsaya a rabi, Kawu ya ɗaga wayata, wadda ke ba kwamfutar intanet, sama da hannu yana neman sabis. Saura minti biyu ya shige.

Kaka ta naɗe tabarmarta, ta ce in bar muryar.